Daga Kaset Zuwa Memori: Tarihin Bidiyo a Hanyarmu da Amanar da Ke Cikin Kwali

Iyayenmu shugabanni, dattawan ƙungiya, yayye da ƙanne, da iyayenmu mata masu sana'a, ina yi mana barka da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda suka aza harsashinta suka riga mu gidan gaskiya.

Da kwamitin biki ya umarce ni in tattaro tsofaffin hotuna domin wannan mujalla, sai na buɗe kabad ɗin ofis na ƙasa, wanda ke bayan littattafan kuɗin wata. A can ƙurya na tarar da wani kwalin madara an ɗaure shi da igiya. Na kwance, sai ga kaset-kaset na bidiyo guda 31. An yi wa kowanne rubutu da biro a gefe, wani da boko, wani da ajami, wani da Faransanci: taron shekara, walimar alhazai, ziyarar 'yan'uwa na Maraɗi, sulhu da direbobi. Da na ɗaga guda na duba ta 'yar tagarsa, sai na ga wani farin abu kamar garin rogo ya lulluɓe zaren. Fumfuna ce. Kwana goma sha ɗaya na yi ina yawo daga Zango zuwa Jonke, daga Misebo zuwa Dantokpa, ina neman bidiyo mai aiki da zan sa kaset ɗin in gani. A garin da aka taɓa sauke irin wannan na'ura kwantena-kwantena, da ƙyar na samu guda.

Wannan ne ya sa na ajiye maganar hotuna na zauna da dattawanmu da littattafai, don in rubuta mana tarihin wannan kaya: inda ya fito, yadda ya bi ta hannunmu, abin da ya haifar a Kano da Legas, da yadda ya mutu. A ƙarshe kuma ina da roƙo.

Asalin abin

Ɗaukar hoto mai motsi a kan zaren maganaɗisu ya shiga kasuwa ne a Amurka a 1956, lokacin da kamfanin Ampex ya fito da wata na'ura mai girman kabad, mai cin zare mai faɗin inci biyu. Gidajen talabijin kaɗai ke iya sayenta. Mutanen Japan ne suka yi ta rage mata girma. A 1971 kamfanin Sony ya sa zaren cikin akwatin roba ya kira shi U-matic, faɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci, kuma shi ne gidajen talabijin da ma'aikatun gwamnati suka daɗe suna aiki da shi.

Na gida da ya yi suna ya zo a 1975, shi ma daga Sony, sunansa Betamax. Shekara guda bayan haka, a 1976, kamfanin JVC ya fito da nasa, VHS. Dukansu zarensu rabin inci ne, amma kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar wancan. Nan aka shiga kokawar da 'yan kasuwar duniya ke buga misali da ita har gobe. Masana da yawa sun ce hoton Betamax ya ɗan fi kyau. Amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato fim guda cur. Sannan JVC ya sakar wa wasu kamfanoni hannu su ƙera irin na'urarsa, su Panasonic da Sharp da Hitachi, kaya ya yawaita, farashi ya sauko. Kafin ƙarshen shekarun 1980 VHS ya cinye kasuwa, har Sony da kansa ya soma ƙera VHS a 1988.

Wani dattijo cikinmu ya gaya mini cewa shi wannan kokawa ta taɓa aljihunsa. Ya sari Betamax masu yawa saboda sunan Sony, ya kai Kano, ya tarar masu hayar finafinai duk VHS suke da shi. Wanda ya sayi Betamax ba shi da abin kallo. Haka ya karyar da su ƙasa da kuɗin saye. Har yau idan matashi ya zo masa da zancen sabon kaya, tambayarsa ta farko ita ce: me mutane suke da shi a gida da zai shiga da wannan?

Ita kuwa kyamara, da farko gida biyu ce: kyamarar a hannu, na'urar naɗi rataye a kafaɗa, waya ta haɗa su. A 1983 Sony ya haɗe su wuri guda, JVC ya biyo baya a 1984 da ƙaramin kaset mai suna VHS-C, wanda ake sakawa cikin wani babban gida kafin a kalla. Daga nan sai Video8 a 1985, S-VHS a 1987, Hi8 a 1989. Kowane sabon suna, sabon kaset ne da sabuwar na'ura, kuma sabon kaya ne a rumfunanmu.

Yadda ya bi ta hannunmu

Duk wanda ya san taswira ya san dalilin da ya sa Bahaushe ya yi kaka-gida a Kwatano. Tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965 ita ce ƙofar teku mafi kusa ga Nijar. A wancan zamani, daga nan kaya kan hau zuwa Paraku, Kandi, Malanbil, su haye gadar Kwara zuwa Gaya, su bi Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi, daga can kuma Jibiya, Katsina, Kano. Ta gabas ga Seme, ga Legas nan kusa. Nijeriya mai yawan jama'a takan hana shigo da wasu kaya ko ta tsawwala musu kuɗin kwastan, Benin kuwa ta sassauta. Tsakanin waɗannan biyun iyayenmu suka nemi abincinsu. Shi ya sa har yau a Kano idan aka ce mota 'yar Kwatano ce, kowa ya gane abin da ake nufi.

Bidiyo da kaset sun bi sahun atamfa da shinkafa da gwanjo. Kaset marar komai, na TDK da Maxell da Sony da wasu na Taiwan da Koriya masu araha, kaya ne da ɗan kasuwa ke so: ba nauyi, ba ya ruɓewa a hanya, kuma kullum ana nema. Wanda ya fi tafiya shi ne mai lamba E-180, mai awa uku, zarensa ya haura mita 250. Fim ɗin Indiya guda yakan cika shi.

Hanyar ba ta taɓa zama shimfiɗaɗɗiya ba. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986. A wannan shekarar kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta soma faɗuwa. Sai kuma watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Wanda ke da kaya a sito ya wayi gari da riba, wanda ake bi bashin kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. Dattawanmu da suka ga wannan rana ba su manta ba.

Iyakar da ba ta da jami'i

Akwai wata iyaka da bidiyo ya zo da ita wadda babu duwan ko kwastan a kanta, amma ta ci kuɗin mutane da dama. Ita ce bambancin tsarin launi na talabijin.

Nijeriya, wadda ta buɗe gidan talabijin a Ibadan tun 1959, ta bi tsarin da ake kira PAL, kamar Ingila da Jamus da Gana. Benin, wadda talabijin ɗinta ya soma a ƙarshen 1978, ta bi tsarin Faransa mai suna SECAM, haka Nijar da Togo. Amurka da Japan kuma nasu daban, NTSC. Ma'anar wannan a rumfa ita ce: ka sayi kaset mai launi a Kano, ka kawo Kwatano ka sa a na'urar da ta san SECAM kaɗai, sai ka ga mutane suna motsi amma babu launi, fari da baƙi kamar hoton da. Mai saye ya dawo yana cewa an cuce shi, alhali kaset ɗin lafiya lau yake. Idan kuwa kaset ɗin Amurka ne, hoton ma ba ya tsayawa, sai ya yi ta birgima, domin su layukan hotonsu 525 ne, namu 625.

Daga baya aka samu na'urori masu cin kowane tsari, waɗanda ake rubuta wa PAL da SECAM da NTSC a goshi. Su ne suka zama sarakan kasuwa a nan, domin gidan Bahaushen Kwatano yana kallon tashar Benin, yana kallon kaset ɗin Kano, ga kuma ɗan'uwa ya aiko da na Makka. Yaran shago na wancan zamani, ko ba su yi lekol ba, sun iya karanta waɗannan haruffa. Sun kuma koyi duba bayan na'ura kafin a jona: gwanjon Amurka wutar 110 yake sha, na Japan 100, mu kuwa tamu 220 ce. Wanda ya jona babu taransifoma, hayaƙi ne zai ba shi labari.

Mai bidiyo ya iso

Ni ɗan wannan zamani ne ta wani gefe. Ina da shekara takwas ko tara lokacin da aka soma aikena riƙe wa mai bidiyo waya a wurin biki. Kyamararsa Panasonic ce ta kafaɗa, irin su M7 da M3000 da M9000, masu cin babban kaset gaba ɗaya. Batirinta kamar bulo. Ga wata fitila mai zafi da ake ɗaga wa amarya har kwalliyarta ta soma narkewa. Aikina shi ne in bi shi da doguwar waya, in hana mutane takawa. Ladana dala ashirin da shinkafa.

Kafin zuwan kyamara, biki yakan ƙare ranar da aka watse. Da ta zo, sai biki ya samu rai na biyu. Wanda ya aurar da 'ya a Zango yakan sa a yi kofi uku ko huɗu: ɗaya Damagaram wurin kakanni, ɗaya Kano, ɗaya Kumasi ko Abijan. Direbobinmu su ne gidan waya. Kaset yana cikin akwatin gaban mota tare da takardun kaya. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba ta ga jikarta a lalle, ta ga wanda ya zo da wanda bai zo ba, ta ga wanda ya yi liƙi da abin da ya liƙa. Har rigima kaset ya sha kashewa, domin gani ya kori ji.

Gyaran hoton kuwa da na'ura biyu ake yi, ɗaya tana kunnawa, ɗaya tana naɗa, mai aiki yatsansa na kan maɓallin dakatarwa. Wanda ya samu hali ya sayi ɗan akwatin rubuta suna da na haɗa hoto, sai ka ga fuskar amarya ta fito cikin fure ko tana yawo a kan gajimare. Amma akwai dokar da ba ta canzawa: duk kofin da aka yi daga kofi, hoto yana raguwa. Uwar kaset ita ce mai kyau. 'Yarta ta ɗan dushe. Jikarta launi ya soma zuba, jan hula ya malalo kan fuska. Tattaɓa-kunne kuwa sai dai a gane mutum da murya.

Abin da kaset marar komai ya haifa

Fim na asali, irin na majigi da silima, kuɗi yake ci. Ana sayo zarensa daga waje, a kai shi waje a wanke. Haka aka yi fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da naira ta faɗi, wannan hanya ta gagari kowa. Sai masu wasan kwaikwayo suka waiwayi kyamarar biki.

A Kano, a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a bidiyo aka sayar a kasuwa. Ibrahim Mandawari yana cikin waɗanda suka fito a ciki. Gimbiya Fatima ya biyo baya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna zuwa fim. A kudu kuma, a 1992, wani ɗan kasuwar kayan lantarki mai suna Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyin fim ɗin Living in Bondage da harshen Ibo. Labarin da ya shahara shi ne kaset marar komai ne ya taru masa, ya ga idan ya zuba musu wasa za su fi saurin tafiya. Ku duba wannan da kyau: masana'antar da duniya ke kira Nollywood, tunanin ɗan kasuwa ne mai neman yadda zai sayar da hajarsa.

Zuciyar cinikin a Arewa ita ce kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Tsarin da aka bi ya cancanci a tuna da shi. Mai fim yakan kawo uwar kaset, ya buga kwalaye masu hoton 'yan wasa. Dillali ya sayi kwalayen, ya sa nasa kaset marar komai, ya naɗa da jerin na'urorinsa da ke aiki dare da rana, ɗaya tana ba goma ko ashirin. Wato kuɗin mai fim a kwali yake, kuɗin dillali a kaset. Kuma tsarin duka a kan amana da bashi yake tafiya, kamar dai cinikin goro da na shanu: a ba ka kaya, ka kai Maraɗi ko Yamai ko Agadas, ka sayar ka kawo kuɗi.

Nan motocinmu suka samu lodi biyu. A hawa, kaset marar komai da na'urori. A gangarowa, kaset ɗin nan ya dawo da kaya a cikinsa: finafinan Hausa, na Indiya, tafsirin azumi, wasan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, damben gargajiya, kokowar takobi ta Nijar. Wajen ƙarshen shekarun 1990, da fim ɗin Sangaya ya fito da waƙoƙinsa, sai kasuwa ta buɗe gaba ɗaya. Wasila ya biyo baya, sunan Ali Nuhu ya shiga kowane gida. A 1999 aka soma buga mujallar Fim, a wannan lokacin ne kuma sunan Kannywood ya fito. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai tata.

A nan Zango, abin da wannan ya yi mana ya wuce nishaɗi. Yaron da aka haifa a Kwatano yana jin Fon a titi, Faransanci a lekol, Yarbanci da Dandi a kasuwa. Hausarsa ta gida ce kawai. Kaset ɗin Kano ya shigo masa da Hausar da bai taɓa ji ba, da karin magana, da yadda ake gaida sarki, da yadda ake neman aure. Iyaye sun yi ƙorafi a kan rawa da waƙa, kuma suna da hujjarsu. Amma da yawa daga cikin tsarana, a gaban talabijin muka gyara bakinmu. A gefe guda kuma gidajen kallo na unguwa, inda ake biyan 'yan daloli a zauna a benci, suna cikin abin da ya janye jama'a daga manyan silimun gari irin su Vog da Concorde.

Faɗuwar kaset

Zamani riga ne. A 1993 kamfanonin Sony da Philips da JVC da Matsushita suka amince da tsarin faifan VCD. Faifai guda minti 74 yake ɗauka, shi ya sa fim yakan zo a faifai biyu. Da na'urorin Sin masu araha suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, sai faifai ya soma ture kaset. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi saurin bugawa, kuma kofinsa ba ya dushewa. Wannan na ƙarshen alheri ne ga mai kallo, amma masifa ce ga mai fim, domin kofin ɓarawo da na mai kaya duk ɗaya suke. DVD ya zo ya ɗora, har ana cusa fim goma a faifai guda.

Ta wajen ɗauka ma haka. A 1995 aka fito da MiniDV, kaset ɗan ƙarami kamar akwatin ashana mai ɗaukar awa guda, wanda ake juye hotonsa cikin kwamfuta a gyara. Na'ura biyu da maɓallin dakatarwa suka zama tarihi. Daga baya kaset ɗin ma ya fita, memori ya shigo. Sai waya ta zo ta haɗiye duka: ita ce kyamara, ita ce talabijin, ita ce direban da ke kai saƙo. 'Yan dawunlodin suka maye gurbin masu hayar kaset, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, finafinai masu dogon zango suka koma YouTube.

Wasu cikinmu sun hango wannan sauyi sun juya da wuri zuwa faifai, daga nan zuwa waya da kayanta. Wasu sun riƙe kaset suna jiran farashi ya dawo, bai dawo ba. Na san sito a unguwar nan da aka kwashe katan-katan na sabon kaset, ko ledarsa ba a ɓare ba, aka zubar don a samu wurin ajiye wani kaya. Darasin Betamax ya sake maimaita kansa, sai dai wannan karon ya fi faɗi. Sony ya daina ƙera na'urar Betamax a 2002. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya tsaya a watan Yuli na 2016. Tun daga ranar, duk bidiyon da ya mutu a duniya babu sabon da zai maye shi.

Abin da na gani a cikin kwali

In koma kan kaset 31. Na'urar da na samu a wurin wani tsohon mai gyara take. Kuskuren farko nawa ne, kuma ina neman afuwar ƙungiya. Saboda ɗoki, na sa kaset mai fumfuna kai tsaye ba a share ba. Minti biyu bai yi ba hoto ya rufe da yayyafi, na'ura ta tauna zaren ta tsinka shi. Na taron 1996 ne. Mun ɗinke abin da ya ɗinku, amma wajen minti goma na jawabin buɗe taro ya tafi har abada.

Daga nan muka bi a hankali. Mai gyaran yana kwance kowane kaset, ya share zaren da ƙyalle mai laushi, ya goge kan na'urar bayan kowane guda. Zuwa ranar da nake wannan rubutu mun duba goma sha biyu. Takwas sun fito da kyau. Uku hoto yana rawa amma ana jin magana. Ɗaya zaren ya manne da juna kamar alewa, alamar ruwa ya taɓa shi, watakila tun ambaliyar 2010 da ta shiga gidaje da yawa a garin nan.

Abin da ke cikin takwas ɗin ya hana ni barci. Na ga iyayenmu da suka kafa ƙungiya, da baƙin gemu, suna gardama a kan kuɗin wata. Na ga zaman da aka yi da direbobi a kan wanda zai ɗauki asara idan kaya ya lalace a hanya, maganar da har yau muke ja a kanta, ga shi kuwa an yanke ta a gaban shaidu, kowa ya ɗaga hannu. Littafin da aka rubuta wannan zama a ciki ya ɓace tun kafin in kama aiki. Kaset ne kaɗai shaidarmu. Na ga layin motoci a gadar Malanbil, ana ta hada-hada, abin da yaran da suka shigo sana'a bayan rufe iyakar 2023 za su kalla su yi mamaki.

Kuma na ga mahaifina. Ya rasu ina ɗan shekara goma sha huɗu. Muna da hotonsa na fasfo guda biyu, amma na manta yadda yake tafiya, na manta muryarsa. A kaset ɗin walimar alhazai ya fito, bai fi minti ɗaya da rabi ba, yana zuba wa baƙi shayi yana dariya, ya juyo ya ce wa mai kyamara ya matsa ya ba mutane hanya. Na kai wa mahaifiyata a waya. Ba zan rubuta abin da ya faru a ɗakin ba. Na tabbata a gidajenku akwai irin wannan minti ɗaya da rabi, yana cikin wani kwali a ƙarƙashin gado, fumfuna tana cinsa.

Roƙona ga 'yan ƙungiya

Iskar Kwatano mai gishiri da laima ba ta raga wa zare. Kaset ɗin da zai daɗe a Agadas, a nan ba zai kai rabin haka ba. Masu gyaran da suka san cikin bidiyo suna tsufa, kayan gyara babu. Don haka ga abin da nake roƙo.

Na farko, duk mai kaset na taro, biki, suna, walima ko tafiya, babba ne ko ƙarami irin na Hi8 da MiniDV, ya fito da shi ya duba. Idan ya ga fari-fari a kan zaren, kada ya sa a na'ura. Ya kawo ofis.

Na biyu, kafin a kawo, a ɓalle ɗan harshen roba da ke gefen babban kaset, don kada wani ya naɗi wani abu a kai bisa kuskure. A ajiye shi a tsaye kamar littafi, nesa da ƙasa, nesa da lasifika da janareta da rana.

Na uku, wanda ke da tsohon bidiyo ko kyamara a gida, ko da ta mutu, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Matacciya biyu sukan tayar da guda.

Na huɗu, ina roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin ajandar zama mai zuwa, a ware wani abu daga asusu. Abin da ake bukata bai da yawa: ladan mai gyara, ɗan akwatin da ke juye hoto daga bidiyo zuwa kwamfuta, da ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wurin 'yan'uwanmu na wani gari. Kada mu dogara da waya ko faifai kaɗai. Waya takan faɗa ruwa, faifai yakan karce, kuma wanda ya ga ƙarshen Betamax da VHS ya san memori ma ranarsa tana zuwa. Duk bayan 'yan shekaru sai an sake juyewa.

Na biyar, kuma wannan ya fi komai gaggawa: dattawa su zauna da mu a kalla tare, su faɗa mana sunayen mutanen da ke ciki, mu rubuta. A kaset guda na ƙirga fuska sama da arba'in, bakwai kawai na sani. Idan masu sanin suka tafi, hoton zai zama taron baƙi.

Iyayenmu sun yi dakon wannan kaya daga bakin teku zuwa bakin hamada, sun ci halal a cikinsa, sun gina gidaje, sun sauke farali, sun biya mana kuɗin makaranta. Kaset ɗin da ya rage a hannunmu ba shi da farashi a Dantokpa, ko dala ba za a taya ba. Amma su ne a ciki. Kwalin yana nan a ofis, a kan tebur yanzu, ba a ƙasan kabad ba. Ana samuna kowace rana bayan La'asar, ban da Juma'a.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya buɗe hanyoyi, Ya tsare direbobinmu, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.

Naku,
Akawun ƙungiya,
Zango, Kwatano.